Hoton ciki na eko: yana cutar da ɗan da ke cikin mahaifa?



A shekarun baya, mace mai ciki ba ta ganin na'urar hoton ciki sai in ta kai ga babban gidan likita na Yamai ko na babban birnin jiha. Yau abin ya sake. Ana samun wannan na'ura a Maraɗi, Damagaram, Tawa da wasu garuruwa, a gidajen likita na gwamnati da masu zaman kansu. Har an ƙera ƙanana waɗanda ake haɗawa da wayar salula. Da Faransanci ana ce wa wannan awo ekogarafi, mutane kuwa sun taƙaita shi, suna cewa eko.

Yaɗuwar na'urar ta raba mutane gida biyu. Wasu suna tsoronta. Suna cewa wutarta tana ƙona ɗan tayi, ko tana busar da ruwan ciki, ko tana sa a haifi yaro rarrauna. Wasu kuma sun mai da ita abin marmari, kowane wata sai sun je an duba musu, domin su san namiji ne ko mace. A cibiyoyin yaƙi da jahilci ana yawan kawo wannan tambaya. Ta cancanci amsa cikakkiya, domin rai biyu ne a ciki, na uwa da na ɗa.

Me ya sa ake wannan magana yanzu?

A shekarar 2016, Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da sababbin shawarwari a kan awon ciki. Ta ce ya kamata mai ciki ta sadu da ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. Ta ce kuma a yi mata eko sau 1 kafin cikin ya kai mako 24, wato wajen wata biyar da rabi. A 2022 ta sake nazarin wannan shawara, ta tabbatar da ita.

Ga ƙasa irin tamu wannan babbar magana ce. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna cewa, a cikin haihuwa dubu 100, mata 535 suke rasa ransu saboda ciki ko haihuwa. Wasu daga cikin matsalolin da ke kashe su ana iya ganinsu tun kafin naƙuda ta tashi. To amma shawarar OMS ba za ta yi amfani ba in mata suna gudun na'urar, ko mazansu suna hana su zuwa.

Yaya na'urar take aiki?

Ku tuna da rijiya mai zurfi. In kun leƙa kuka yi kira, muryarku takan dawo muku. Wannan ita ce amsa-kuwwa. In rijiyar ta fi zurfi, muryar takan fi jinkirin dawowa. Haka jemage yake tafiya cikin duhu: yana fitar da ƙara, yana sauraron dawowarta, sai ya san inda bango yake.

Da wannan dabara eko yake aiki. Abin da ma'aikaci yake ɗorawa a kan ciki yana aika sauti cikin jiki. Sautin ya bugi ƙashi, ko tsoka, ko ruwa, sai ya dawo. Na'urar ta auna lokacin da ya ɗauka da ƙarfin da ya dawo da shi, sai ta zana hoto a kan allonta. Ƙashi yakan fito fari, ruwa yakan fito baƙi.

Kunnen mutum ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa dubu 20 a cikin daƙiƙa guda. Sautin eko kuwa yana kaɗawa sau miliyan 2 zuwa miliyan 10 a daƙiƙa. Shi ya sa ba ku jin kome. A cikin tsoka yana gudun wajen mita 1540 a daƙiƙa. Kuma na'urar ba ta sakin sautin a miƙe. Takan aika ɗan guntu, sa'an nan ta tsaya tana sauraro. Mafi yawan lokacin awo sauraro take yi.

Man da ake shafawa a kan ciki ba magani ba ne. Mafi yawansa ruwa ne. Aikinsa ya kori iskar da ke tsakanin fata da na'ura, domin wannan sauti ba ya ratsa iska sosai. Ana goge shi bayan an gama.

Wannan awo ba sabon abu ba ne. Wani likita mai suna Ian Donald, tare da abokan aikinsa a birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya, ya buga sakamakon aikinsu tun 1958. Daga nan aka fara amfani da shi ga mata masu ciki, yau fiye da shekara 60.

Eko dabam, radiyo dabam

Mafi yawan tsoron da ake yi ya samo asali daga haɗa abubuwa biyu. Akwai hoton ƙashi, wanda a gidan likita ake ce wa radiyo, irin wanda ake yi wa mai karaya ko mai tari. Shi wannan yana aiki da wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, wanda yake iya taɓa ƙwayoyin halittar jiki. A 1956 wata likita a Ingila, Alice Stewart, ta nuna cewa akwai alaƙa tsakanin yi wa mai ciki hoton radiyo da cutar daji ga yara. Daga baya likitoci suka daina yi wa masu ciki shi sai da dalili mai ƙarfi.

Eko ba ya amfani da wannan haske ko kaɗan. Sauti ne kawai. Ba ya taruwa a jiki, kuma da an ɗaga na'urar daga kan ciki, ya ƙare. Wutar lantarki ma ba ta shiga jikin mace.

Abin lura: in za a yi miki radiyo ko sikanar, ki faɗa wa likita kina da ciki, ko kina zaton kina da shi. Shi zai duba ko a jinkirta, ko a yi da kariya.

Wane ƙarfi ne yake kaiwa ga ɗan tayi?

Gaskiya ita ce sauti ma ƙarfi ne. Mai kiɗa in ya buga ganga kusa da ku, kukan ji ta a ƙirji. Masana sun san hanyoyi biyu da sautin eko yake iya taɓa jiki.

1. Ɗumi. Ku murza tafin hannuwanku, za ku ji sun yi ɗumi. Haka nan wani kashi na sautin yakan zama ɗumi a inda ya ratsa. Ƙashi ya fi tsoka shan wannan ɗumi. Saboda haka ake ƙara lura daga mako na 10 zuwa sama, lokacin da ƙasusuwan ɗan tayi suka fara ƙwari.

2. Matsi. Sauti yana matsawa yana saki da sauri. Inda akwai ƴan kumfan iska a cikin jiki, yana iya girgiza su. Amma huhun ɗan tayi da hanjinsa ba su da iska tun da bai fara numfashi ba. Don haka wannan haɗari kaɗan ne ƙwarai a gare shi.

Batun ɗumi shi ne aka fi sa wa ido. Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Ƙungiyar duniya ta masana wannan awo ta ce ƙarin da bai wuce digiri 1 da rabi ba, ba abin damuwa ba ne. Ta ce abin tsoro shi ne zafin ɗan tayi ya wuce digiri 41 har tsawon minti 5 ko fiye. Awon eko na yau da kullum, mai hoto fari da baƙi, ba ya kusantar wannan iyaka.

Ku kwatanta da zazzaɓi. Masassarar cizon sauro tana iya kai jikin uwa digiri 39 ko 40, ta yini ta kwana a haka, ɗan tayi kuwa yana ciki. Zazzaɓi mai zafi a farkon ciki yana iya jawo ɓari ko naƙasa. Ashe zafin da ya fi cancanta mu ji tsoro yana cikin ɗakunanmu, sauro ne yake kawo shi.

Lambobi biyu da ke kan allo

Wajen 1992, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yarda a ƙera na'urori masu ƙarfin da ya kai kusan ninki 8 na iyakar da aka sa wa awon ciki a da. An yi haka domin hoto ya ƙara fitowa. Amma an kafa sharaɗi: dole na'ura ta riƙa nuna wa ma'aikaci lambobi biyu a gefen allo.

Ta farko ana rubuta ta TI, ita ce ma'aunin ɗumi. In ta nuna 1, ma'anarta ɗumin wurin yana iya ƙaruwa da wajen digiri 1 in aka daɗe a kansa. Ta biyu ana rubuta ta MI, ita ce ma'aunin matsi. A na'urar da aka saita da Faransanci akan ga IT da IM.

Masana a Birtaniya sun tsara ƙa'ida kamar haka ga mai ciki:

- TI ƙasa da 0,7: babu iyakar lokaci, amma kada a ja awon ba dalili.
- TI daga 0,7 zuwa 1: kada a wuce minti 60.
- TI daga 1 zuwa 1,5: kada a wuce minti 30.
- TI sama da 3: kada a yi wa mai ciki.

A awon ciki na yau da kullum, lambar takan tsaya ƙasa da 1. Dokar da ake koya wa kowane ma'aikaci ita ce: ƙarfi mafi ƙanƙanta, lokaci mafi gajarta, gwargwadon abin da zai ba da amsar da ake nema. Kun ga ke nan lafiyar awon tana hannun mai riƙe da na'urar. Wanda kuwa ya iya karanta lamba, yana iya duba allon da idonsa. Wannan ma yana cikin ribar karatu.

Me bincike ya nuna?

An bi dubban yara da aka yi wa iyayensu eko, aka kwatanta su da waɗanda ba a yi wa ba, musamman a ƙasashen Nowe da Suwidin. A 2009 aka buga wani babban nazari da OMS ta sa aka yi, wanda ya tattara binciken da aka gudanar a duniya. Ba a sami alaƙa tsakanin eko da mutuwar jarirai ba, ko naƙasa, ko cutar daji, ko raunin girma, ko raunin fahimtar karatu.

Abu guda aka lura da shi: a cikin yara maza da aka yi wa eko, an ɗan fi samun bahagwai, ko masu aiki da hannu biyu. Bambancin ƙarami ne, ba a tabbatar eko ne sanadinsa ba, kuma zama bahago ba cuta ba ce.

Sai dai yawancin waɗannan bincike an yi su da na'urorin da, waɗanda ba su kai na yanzu ƙarfi ba. Wannan ne dalilin da ya sa masana suka tsaya a kan matsayi guda: a yi eko in akwai dalilin lafiya, a hannun wanda ya koya, kuma kada a yi shi don wasa.

Awon Dopila

Akwai wani nau'in eko da ake kira Dopila. Shi ne yake nuna gudun jini, wani lokaci da launin ja da shuɗi a kan allo. Yana da amfani sosai in ana zaton ɗan tayi ba ya samun isasshen jini daga mabiyiya. Amma ya fi hoto fari da baƙi ƙarfi, domin yana tsayar da sauti a wuri guda. Shawarar masana ita ce kada a yi shi ga kowa da kowa a wata uku na farko. In ya zama dole, TI kada ta wuce 1, lokaci kuma ya tsaya tsakanin minti 5 zuwa 10.

Kada ku haɗa shi da ƴar na'urar hannu da ungozoma take sauraron bugun zuciyar ɗa da ita a wurin awo. Ita ƙarfinta kaɗan ne, kuma ba ta daɗewa a kan ciki. Ƙahon sauraro kuwa, na itace ko na ƙarfe, ba ya aika kome cikin jiki.

Me eko yake ganowa?

1. Shekarun ciki. Mata da yawa ba su riƙe ranar al'adarsu ta ƙarshe, musamman mai shayarwa. A wata uku na farko, eko yana faɗin kwanakin ciki da kuskuren da bai wuce mako guda ba. A watannin ƙarshe kuskuren yana iya kai mako 3. Shi ya sa zuwa da wuri ya fi.

2. Wurin da cikin ya zauna. Wani lokaci yakan zauna a wajen mahaifa. Irin wannan ciki ba ya rayuwa, in ya fashe kuma jini yana iya kashe mace cikin ƴan awoyi.

3. Tagwaye. Mai ɗauke da tagwaye ya kamata ta haihu a gidan likita.

4. Mazaunin mabiyiya. In ta tare bakin mahaifa, jini yakan ɓalle kafin ɗa ya fito, kuma sai da tiyata ake haihuwa lafiya. In an ga ta yi ƙasa a tsakiyar ciki, sau da yawa takan hau sama da kanta. Akan sake dubawa wajen mako 32.

5. Kwanciyar ɗa. A wata na tara ana ganin ko kai ne a ƙasa, ko ɗuwawu, ko ya gitta. Ɗan da ya gitta ba ya fitowa da kansa. Doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar yoyon fitsari.

6. Wasu naƙasu na kai, ko baya, ko zuciya, waɗanda aka fi gani tsakanin mako 18 zuwa 22. Amma eko ba ya ganin kowace naƙasa.

Ku auna da kanku. A gefe guda akwai ɗan ɗumin da ba a taɓa nuna ya cutar da yaro ba a awon da aka yi bisa ƙa'ida. A ɗaya gefen akwai zubar jini da dare, a ƙauyen da ba mota. Mace mai gudun eko saboda tsoro, ta guji ƙaramin abu ta tunkari babba.

Hoton marmari

Ɗaya matsalar ita ce yawaitawa. A wasu ƙasashe an buɗe shaguna inda ake ɗaukar hoton ɗan tayi don ajiye tarihi kawai. Hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi iyaye a kan haka a 2014. Faransa kuma a 2017 ta taƙaita sayar da irin waɗannan na'urori da amfani da su ga ma'aikatan lafiya.

Illar hoton marmari uku ce. Ana daɗewa a kan fuskar ɗa ko al'aurarsa ba dalilin lafiya. Wanda bai ƙware ba yana iya cewa lafiya lau alhali akwai matsala, ko ya tayar da hankalin iyali a banza. Sa'an nan kuɗin da ya kamata a tanada don abinci da motar zuwa haihuwa sun tafi.

Sanin namiji ne ko mace ba dalilin yin eko ba ne. In an gani a cikin awon da aka saba, ma'aikaci yana iya faɗa muku in kuna so, kuma yana iya kuskure. Ƙasar Indiya ta kafa doka a 1994 ta hana faɗin jinsin ɗan tayi, saboda wasu suna zubar da cikin ƴaƴa mata. Kowanne Allah ya ba mu, amana ne.

Na'ura ita kaɗai ba ta ceton rai

A 2018 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a yankunan karkara na ƙasashe 5: Kwango, Kenya, Zambiya, Gwatemala da Pakistan. An kai eko ƙananan gidajen likita, aka horar da ma'aikata. An gano matsaloli da yawa, amma mutuwar mata da jarirai ba ta ragu ba. Darasin a fili yake: gani dabam, magani dabam. In an ga mabiyiya ta tare hanya, sai akwai mota, da jini, da ɗakin tiyata, da yardar maigida, kafin ganin ya yi amfani.

A Nijar, gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa a 2005, ta ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006. A 2024 kuma hukumomi suka sanar da rage kuɗin magani a gidajen likita na gwamnati. Akwai cibiyoyin kula da lafiyar uwa da yaro a manyan biranen jihohi, akwai kuma babban gidan haihuwa na Isaka Gazobi a Yamai. In aka tura ku can, ku tafi tun da sauran lokaci.

Shawarwari

Ga mai ciki:
1. Ki fara awon ciki da zarar kin gane kina da shi. Kunya ba ta hana ciwo.
2. Ki nemi a yi miki eko sau 1 kafin wata biyar da rabi. In likita ko ungozoma ta ce a sake, ki tambayi dalili, sa'an nan ki je.
3. Ki yi shi a inda ƙwararre yake, ki karɓi takardar sakamako, ki haɗa ta da katin awo.
4. A farkon ciki ana iya cewa ki sha ruwa ki riƙe fitsari, ko a yi awon ta gaba da na'ura mai rufi. Sai da yardarki, kuma kina iya neman mace ta yi miki.
5. Eko ba ya maye gurbin sauran awo: hawan jini, fitsari, ƙwayar ƙarin jini, rigakafin sandarewar wuya, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake fara sha bayan wata uku.
6. Ki kwana cikin gidan sauro. In jikinki ya yi zafi, ki je likita a ranar.
7. In kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska, ko ɗa ya rage motsi, ki tafi nan take, ko da jiya aka yi miki eko aka ce lafiya.

Ga maigida:
1. Ka ba ta izni tun da wuri, ka raka ta in ka sami hali.
2. Ka tambayi farashi, ka karɓi rasit.
3. Ka san mai mota ko mai amalanke da za ka kira da dare, ka ajiye kuɗinsa.
4. In an ce ta haihu a babban gidan likita, ku matsa kusa da shi kafin naƙuda.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Mene ne bambancin eko da radiyo?
2. Sau nawa OMS ta ce a yi eko, kuma kafin wane lokaci?
3. Ina ne wuri mafi kusa da garinku da ake yin sa, kuma kilomita nawa ne?
4. In an ce wa wata a garinku sai an yi mata tiyata, wa zai kai ta, da me?

Ya ku ƴan'uwa, ku karanta wannan shafi ga waɗanda ba su fara karatu ba tukuna, musamman iyaye mata da surukai, domin sau da yawa su ake shawarta. Abin da bai fito muku sosai ba, ku rubuta shi a littafinku, ku kai wa ungozoma ranar awo. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya sauki masu ciki lafiya.